Wa Caca Take Ci? Waiwaye a Kan Turai Daga Ƙarni na 16 Zuwa na 18

Gabatarwa

Ranar 11 ga watan Janairu na shekarar 1569 jama'a suka yi dafifi a ƙofar yamma ta majami'ar St. Paul, babbar majami'ar birnin Landan. Ba ibada ce ta tara su ba. Sun zo ne kallon yadda za a fara fid da ƙuri'ar wata caca da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta sa aka shirya, domin a tara kuɗin gyaran tashoshin jiragen ruwan Ingila. Kowane tikiti sule 10 ne, babban rabo kuwa an yanka masa darajar fam 5,000. Haka aka yi ta fid da ƙuri'a dare da rana har watan Mayu ya kama. Abin lura a nan shi ne, a daidai lokacin akwai dokar ƙasa da ta hana lebura da bara taɓa karta, masu wa'azi kuma suna ta la'antar caca a kan mumbari, sai ga shi an kafa mata rumfa a bakin ƙofarsu da iznin fada.

Wannan taro shi ya jawo tambayar da nake so mu tattauna: shin mene ne ainihin aibin caca? Mai karatu yana iya cewa tambayar ba ta taso ba, tun da addini da tarbiyyar gida duk sun riga sun yanke hukunci. Gaskiya ne. Amma sanin hukunci daban, sanin dalilin hukunci daban. Wanda ya san an hana abu, bai kuwa san cutar da ke cikinsa ba, ranar da aka sake wa abin suna aka sa masa sabuwar riga, da hannu biyu zai karɓe shi. Abin da ya sami Turawa ke nan tsakanin shekarar 1500 da 1800, shi ya sa labarinsu ya cancanci a waiwaye shi.

Karta ta shiga Turai daga Masar ta zamanin sarakunan Mamluk, wajen shekarun 1370. Da sana'ar ɗab'i ta bunƙasa sai ta yi araha, ta shiga fada, ta shiga mashaya da sansanin soja. Can ta tarar da tsohuwar abokiyar tafiyarta, watau ƙwayar caca mai fuska shida, irin wadda muka sani da ɗan lido. Cikin ƙarni ukun da muke magana a kai, rukuni uku na masu faɗa a ji sun amsa tambayarmu: malaman addini, da masu mulki, da masana lissafi. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Amsar Malaman Addini

Tun asali malaman Kirista ba su sassauta wa caca ba. A shekarar 1497 mabiyan wani mai wa'azi da ake kira Savonarola suka tara karta da ƙwayoyin caca da kayan ƙawa a dandalin birnin Florence na Italiya, suka cinna musu wuta. Abin da ya fi damun masu wa'azin wancan zamani shi ne bakin ɗan caca, domin da zarar an cinye shi sai ya hau saɓo da ashar, daga nan sai faɗa, wani lokaci har da zub da jini.

A Ingila kuwa wasu malamai masu tsananin ra'ayi, waɗanda ake kira Furitan, suka zo da hujja mai zurfi. Suka ce ƙuri'a abu ne mai tsarki. A fahimtarsu, duk wanda ya jefa ƙwaya ya miƙa al'amari ne ga Allah kai tsaye domin Ya yanke hukunci, kamar yadda littafinsu ya nuna magabata sun yi wajen rabon ƙasa da sauran manyan al'amura. Saboda haka, a yi wannan don nishaɗi ko don 'yan kwabbai, wasa ne da sunan Ubangiji. Bisa wannan ra'ayi, wasan da ya dogara ga basira kaɗai, kamar dara, ba shi da laifi, amma karta da ƙwaya haramun ne ko da ba a sa ko anini ba. A ƙarshen 1609 wani malamin Jami'ar Kambirij, William Ames, ya yi wa'azi mai zafi a kan wannan, hukumar jami'a ta dakatar da shi, daga baya ya ƙaura zuwa Holan.

Shekara goma bayan haka, a 1619, wani malamin coci mai suna Thomas Gataker ya wallafa littafi a kan ƙuri'a ya rushe wannan hujja. Ya nuna cewa faɗuwar ƙwaya ba ta fita daban da sauran abubuwan da ke aukuwa kullum ba. Tana ƙarƙashin ikon Allah kamar kome da kome, amma ba wahayi ba ce. Don haka ya halatta wasan sa'a domin hutawa, muddin ba kwaɗayi ne ya kai mutum ba, kuma bai sa abin da zai cuce shi ba.

Maganar Gataker ta fi ta abokan hamayyarsa ƙarfi, a hankali kuma ta yi rinjaye. Sai dai a dubi abin da ya biyo baya. Malaman farko sun rataya kayansu a ƙusa ɗaya, watau tsarkin ƙuri'a, da aka zare ƙusar sai kayan suka zube. Tambaya ta tashi daga ko caca ta halatta, ta koma nawa ne ya yi yawa. Wannan kuwa tambaya ce da kowa ke amsawa gwargwadon aljihunsa.

Amsar Masu Mulki

Su masu mulki damuwarsu daban ce. A 1541 Sarki Henry na Takwas ya sa hannu a dokar da ta hana masu sana'ar hannu da leburori da barori da 'yan koyon sana'a wasan karta da ƙwaya da wasu wasanni, sai dai a lokacin Kirsimeti, shi ma a gidan ubangidansu ko a gaban idonsa. Dalilin da dokar ta bayar shi ne wasannin sun shagaltar da samari daga koyon harbin baka, alhali ƙasa tana bukatar maharba domin yaƙi. Amma wanda gonakinsa ke ba shi fam 100 a shekara yana da ikon ya bar mutanen gidansa su yi wasa. Shi kansa sarkin, littattafan kuɗin fadarsa sun nuna cikin shekara uku kacal, daga 1529 zuwa 1532, an ci shi fiye da fam 3,000, a zamanin da lebura ba ya haɗa fam 10 a shekara. Mai dokar barci ke nan ya ɓuge da gyangyaɗi.

Wannan doka ba ta ce caca mugun abu ne a karan kanta ba. Abin da ta ce shi ne lokacin talaka ba nasa ba ne, na ubangidansa ne da na sarki.

A 1710, zamanin Sarauniya Anne, majalisa ta yi wata dokar. Ta soke duk wata jingina ko takardar bashi da aka bayar saboda caca, ta kuma ba wanda aka ci fam 10 ko fiye a zama ɗaya damar ya kai ƙara cikin wata uku a mayar masa da kuɗinsa. A zahiri jinƙai ne, amma wa ke iya zubar da fam 10 a dare ɗaya? Gadon manyan gidaje ake karewa, kada ɗan sarauta ya cinye gonakin kakanninsa a teburin karta. Daɗin daɗawa, dokar ta keɓe fadar sarauniya, ta ce ba ta shafi wasan da ake yi a can ba yayin da take zaune a ciki.

Daga nan wani abin mamaki ya ƙara ƙarfi. Tun da kotu ba ta karɓar wa mutum bashin caca, sai manya suka mai da shi bashin mutunci. Wanda bai biya ba an daina zama da shi, wani lokaci ma sai an kai ga fito-na-fito da takobi ko bindiga. Tela da mahauci da mai sayar da itace kuwa, waɗanda suka ba da kaya na haƙiƙa, su sai su yi ta jira shekara da shekaru. Charles James Fox, ɗaya daga cikin fitattun 'yan majalisar Ingila, yana da shekara 25 ko ƙasa da haka mahaifinsa ya biya masa bashin da ya haura fam 100,000, mafi yawansa na caca, wannan bai hana shi zama babban minista daga baya ba.

A birnin Venice na Italiya hukuma da kanta ta amince aka buɗe gidan caca na jama'a, Ridotto, a 1638. 'Ya'yan sarauta kaɗai aka yarda su riƙe teburi, sauran masu shiga kuwa sai sun rufe fuska. A 1774 babbar majalisar birnin ta rufe gidan da gagarumin rinjaye, bayan ta ga manyan gidaje suna ta talaucewa. Ko a nan ma, sai da wuta ta kama gemun masu mulki sa'an nan aka nemi ruwa.

Amsar Masana Lissafi

Rukuni na uku sun zo da alƙalami da allo. Girolamo Cardano, likita kuma masanin lissafi ɗan Italiya wanda ya rasu a 1576, riƙaƙƙen ɗan caca ne, shi ne kuma ya fara rubuta littafi a kan lissafin faɗuwar ƙwaya, ko da yake ba a buga shi ba sai 1663. A 1654 wasu Faransawa biyu, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi musayar wasiƙu a kan wata tsohuwar matsala: idan mutum biyu suka zuba kuɗi suna wasa, sai aka tashi kafin a gama, yaya za a raba kuɗin bisa adalci? Daga amsar da suka samo ne ilmin lissafin yiwuwar aukuwar abu ya tsiro, a 1657 kuma Christiaan Huygens na Holan ya buga littafin farko a kansa.

Wannan ilmi ya ba sa'a farashi. Yanzu ana iya cewa ga wasa na adalci, ga na zalunci. A 1709 wani masanin shari'a Bafaranshe, Jean Barbeyrac, ya rubuta babban littafi yana mai cewa caca yarjejeniya ce kamar ciniki, kuma ba ta saɓa wa adalci ba idan ta cika sharuɗɗa uku: kowa ya shiga da yardarsa, damar cin kowa daidai take da abin da ya zuba, ba kuma maguɗi. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka taɓa kawowa domin kare caca, har yau kuma ita ake maimaitawa: kuɗina ne, da yardata na zuba, wa na zalunta?

Hukuma Ta Buɗe Nata Teburin

Da aka sauko daga maganar zunubi zuwa maganar adadi da yarjejeniya, sai hanya ta buɗe wa wanda ya fi kowa bukatar kuɗi, watau hukuma. Da cacar ƙuri'a kamfanin Virginia ya tallafa wa zaman Ingilishi a Amurka daga 1612. A 1694 gwamnatin Ingila ta sayar da tikiti 100,000, kowane fam 10, domin ta sami kuɗin yaƙi da Faransa. Kafin ƙarnin ya ƙare majalisa ta haramta cacar ƙuri'a ta 'yan kasuwa, ta ce fitina ce ga jama'a, sa'an nan a 1710, shekarar da aka yi dokar Sarauniya Anne, gwamnati ta ci gaba da tata. Da irin wannan kuɗi aka taimaka wajen gina gadar Westminster, da shi aka kafa babban gidan tarihi na Biritaniya a 1753. A Roma, Paparoma Benedict na 13 ya haramta cacar lambobi har da barazanar kora daga coci, magajinsa Clement na 12 ya dawo da ita a 1731, ribarta ta shiga aikin shahararriyar maɓuɓɓugar Trevi. Hausawa kan ce ba cinya ba, ƙafar baya.

Shin wannan caca ta cika sharaɗin adalcin da Barbeyrac ya gindaya? Mu ɗauki ta Faransa, wadda sarki ya mayar tasa a 1776. Ana fid da lamba 5 ne daga cikin 90. Wanda ya zaɓi lamba ɗaya, damar fitowarta ɗaya ce cikin 18, amma ninki 15 ake biyansa. Wanda ya zaɓi biyu, damarsa ɗaya ce cikin wajen 400, ana biyansa ninki 270. Wanda ya zaɓi uku, damarsa ɗaya ce cikin 11,748, ana biyansa ninki 5,500, watau ƙasa da rabin haƙƙinsa. Iyakar girman burin mutum, iyakar girman abin da ake zaftare masa. Wa kuwa ya fi matalauci dogon buri? A Ingila ma, da tikiti ya fi ƙarfin talaka, sai dillalai suka riƙa yanka shi gunduwa-gunduwa, suna kuma karɓar 'yan kwabban barori da masu wanki a kan ko lamba kaza za ta fito. A 1776 Adam Smith, masanin tattalin arziki, ya yi nuni da cewa wanda ya sayi dukan tikitin da ke akwai asararsa tabbas ce, don haka ƙara saye ƙara kusantar asara ne. Ilmin da aka haifa a teburin 'yan caca ya ƙare a hannun mai gidan caca, shi kaɗai ne ba ya dogara ga sa'a.

To, Ina Aibin Yake?

A ganina amsar tana cikin abubuwa uku da waɗancan rukunoni suka gifta ta gefensu.

Na farko, ribar caca ba ta samuwa sai da asarar wani. Za a ce ai ɗan kasuwa ma yana kasada, manomi ma yana zuba iri bai san ko ruwa zai sauka ba. Haka ne, amma hatsarin manomi ba shi ya ƙirƙiro shi ba, tarar da shi ya yi, kuma idan gonarsa ta yi kyau rumbun maƙwabcinsa ba ya raguwa. Mai saye da mai sayarwa suna iya rabuwa kowa yana murna. A caca kuwa an ƙirƙiro hatsari ne inda babu shi, kuma ba a tashi daga teburi da ko ƙwayar hatsi fiye da abin da aka zo da shi. Turawan da kansu sun gane wannan iyaka a sha'anin inshora. Da mutane suka fara yanka inshora a kan rayukan waɗanda ba su haɗa kome da su ba, musamman manyan da aka ji suna kwance ba lafiya, majalisar Ingila ta hana a 1774, ta ce sai wanda mutuwar za ta jawo wa asara ta gaskiya. Wanda ya yi wa jirginsa inshora yana fatan jirgin ya dawo lafiya. Wanda ya yi fare a kan ran wani kuwa yana jiran labarin mutuwa. Tun a 1609 wani limamin Katolika, Francis de Sales, ya taɓo wannan wuri, inda ya nuna farin cikin mai ci ba na adalci ba ne, domin a kan baƙin cikin abokin zamansa aka gina shi. Ko da kuɗin kaɗan ne, kamar yadda Gataker ya yarda, zuciya tana koyon fatan faɗuwar ɗan'uwa.

Na biyu, maganar "kuɗina ne" ba ta cika gaskiya ba. Kuɗin da ke aljihun magidanci akwai cefanen gida a ciki, akwai haƙƙin tela da mahauci, akwai gadon yaron da bai yi wayo ba. Barbeyrac ya ƙidaya yardar mutum biyu da ke zaune, amma waɗanda za su biya sun fi biyu, ba kuwa wanda ya nemi yardarsu. Cardano da kansa ya ɗanɗana wannan, domin ɗansa Aldo ya gaji caca har ya kai ga yi wa mahaifinsa sata, uban ya cire shi daga gado a 1569. Dokar 1710 ta tuna da iyali, sai dai iyalin masu gonaki kaɗai ta tuna.

Na uku, yardar da ake tinƙaho da ita ba ta daɗewa. Pascal, wanda ya san lissafin caca ciki da waje, ya lura da cewa idan ka ba ɗan caca kuɗin da zai iya ci bisa sharaɗin kada ya yi wasa, ka ɓata masa rai, idan kuma ka ce ya yi wasan ba kuɗi, zai gundure shi. Abin da yake nema shi ne bugun zuciyar da zai mantar da shi kansa. Mutumin da ke cikin wannan hali ya shiga da ƙafarsa, amma fita ba ta hannunsa. Shi ya sa iyakar da Gataker ya shata take da sauƙin faɗa, take da wuyar tsarewa, domin wanda aka ɗora wa tsaron iyakar shi ne wanda hankalinsa ya fara tafiya.

Kammalawa

Ingila ta rufe cacar gwamnati a 1826, Faransa ta bi sahu a 1836, bayan an daɗe ana kuka da ɓarnar da take yi wa talakawa. Amma Faransa ta dawo da ita a 1933, Biritaniya kuma a 1994, kowace da sunan taimakon jama'a. A yau ma ba sai an je ƙofar wata majami'a ko wani gidan Ridotto ba, teburin ya shigo cikin wayar hannu, ya sake suna ya koma hasashen ƙwallon ƙafa, ɗalibi yana iya zuba kuɗin makarantarsa yana kwance a ɗakin kwanan ɗalibai, ba tare da ya rufe fuska ba.

Turawan wancan zamani sun yi ƙarni uku suna gardama a kan ko ƙwaya tana da tsarki, da wanda ya isa ya jefa ta, da yadda za a auna ta, caca kuwa tana ta sake riga tana wucewa ta gabansu. Mu da muke da labarinsu a hannu, ya kamata duk abin da aka kawo mana da alkawarin riba ba gumi, ko wane suna aka ba shi, ko wa ya ba shi lasisi, mu tsaya mu yi masa tambaya biyu. Idan na ci, daga aljihun wa kuɗin suka fito? Idan aka ci ni, wa zai kwana da yunwa a gidanmu?